Yadda Regileta Ke Daidaita Matsin Iska: Daga Masana'antun Sharada Zuwa Bindigar Fenti

Duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin kamfanonin roba na Sharada, ko majemar fata ta zamani a Challawa, zai ji wata ƙara da ba ta yankewa ko da manyan injina sun ɗan tsaya. Huci ne, tsss, daga nan da can. Iska ce. Bayan wutar lantarki da ruwa, ita ce abu na uku da ake ja cikin bututu a zagaya da shi ko'ina a cikin masana'anta. Da ita ake hura jarka da gorar lemo, da ita ake tura fistin da ke buɗe ƙwarya ya rufe, da ita ake fesa wa fata launi, da ita ake ɗaure noti.

Bompai ce babba a cikin unguwannin masana'antu na Kano, don tun zamanin Turawa aka fara kafa kamfanoni a cikinta, sannan Sharada da Challawa suka biyo baya. Injinan da ke cikinsu sun bambanta a shekaru da ƙasar da aka ƙera su, amma kusan duk wanda ke aiki da iska za a tarar da wata 'yar na'ura a gindinsa, mai murfin murɗawa a sama da geji a gefe. Ita ce regileta. Girmanta bai wuce dunƙulen hannu ba, kuɗinta bai kai na komai ba idan aka kwatanta da injin da take tsare wa, amma idan ta lalace sai a kwana ana fitar da kaya marasa kyau ba a gano daga ina matsalar take ba.

Irin wannan na'urar ce a kan tukunyar gas ta girki, da tukunyar oksijin ta mai walda da ta asibiti, har ma da bindigar wasan da Turawa ke kira paintball, wadda za a zo kanta a gaba domin a jikinta ne aikin regileta ya fi fitowa fili.

Mene ne matsin iska, kuma da me ake auna shi?

Iska abu ce mai matsuwa. Ruwa ba ya matsuwa, in aka cika jarka ta cika ke nan. Iska kuwa ana iya ɗura mai yawa a wuri kaɗan, sai dai duk yadda aka ƙara ta, haka za ta ƙara tura bangon abin da aka zuba ta ciki tana neman hanyar fita. Wannan turin shi ake kira matsi. Tun shekarar 1662 wani masani ɗan ƙasar Ayaland mai suna Robert Boyle ya nuna cewa in aka matse iska ta koma rabin wurin da take ciki, matsinta zai ninka biyu, muddin zafinta bai canza ba.

Ma'auni biyu aka fi gani a jikin geji a Najeriya: bar da psi. Bar 1 daidai yake da psi 14.5. Hanya mafi sauƙi ta fahimtar bar ita ce a ɗauka nauyin kilo ɗaya ne aka ɗora a kan fili mai faɗin santimita ɗaya da tsawon santimita ɗaya, kamar girman farcen ɗan yatsa. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar psi 30 zuwa 35, wato bar 2 da ɗoriya. Tayar tirela takan kai bar 7 ko 8. Iskar da ke yawo a bututun yawancin masana'antu bar 6 ce zuwa 7. Injin hura gorar ruwa da ta lemo yana buƙatar har bar 40 a lokacin hurin ƙarshe. Tukunyar oksijin cikakkiya tana tsakanin bar 150 da 200. Murhun gas na gida kuwa abin da yake so bai wuce miliba 30 ba, wato kashi uku cikin ɗari na bar ɗaya.

Abin lura a nan shi ne tazarar da ke tsakanin abin da ake ajiyewa da abin da ake amfani da shi. Ana ajiye iska da matsi mai yawa domin a samu mai yawa a ƙaramin wuri. Ana amfani da ita da matsi kaɗan, kuma wanda ba ya hawa da sauka. Tsakanin waɗannan biyun regileta take zaune.

Ko a cikin masana'anta, matsin tanki ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kwamfireso irin na fistin yana da makunni mai aiki da matsi: in tanki ya kai, misali, bar 8 sai ya kashe kansa, in ya sauko bar 6 sai ya tashi. Ke nan duk injin da aka haɗa kai tsaye da tanki zai riƙa samun bar 8 yanzu, an jima bar 6. In aka ɗauke wuta, kafin janareta ya karɓa, abin ya fi haka sauka. Mai fesa fenti da ke aiki da irin wannan iskar zai ga fentin yana fita da kauri a wani wuri, a wani wurin kamar an yayyafa.

Abin da ke cikinta

In aka kwance regileta ta masana'anta, abubuwa uku ne masu muhimmanci a ciki, sauran duk gida ne da zoben roba.

Na farko sifirin ne mai ƙarfi, a ƙarƙashin murfin da ake murɗawa. Na biyu faifan roba ne mai lanƙwasa, wanda sifirin ɗin ke dannawa daga sama. A wasu, musamman masu ɗaukar matsi mai yawa, fistin na ƙarfe ake sawa a madadin faifan. Na uku ɗan ƙaramin bawul ne da ke toshe hanyar da iska ke bi daga ɓangaren shiga zuwa ɓangaren fita, yana zaune a kan wani baki da za a iya kira mazauni. Wani siririn tsinke ne ya haɗa faifan da bawul ɗin.

Ga yadda suke aiki tare. In aka murɗa murfin ciki, an danne sifirin. Sifirin ya danna faifai ƙasa, faifai ya tura tsinke, tsinke ya ɗaga bawul daga mazauninsa, iska ta fara wucewa. Iskar da ta wuce ba ta tafi kawai ba. Akwai wata 'yar kafa da ke kai ta ƙarƙashin faifan, inda za ta riƙa tura shi sama. Yanzu faifan yana tsakanin masu turi biyu: sifirin daga sama, iskar fita daga ƙasa. Matsin fita yana ƙaruwa, faifan yana ɗagawa, bawul yana matsowa kusa da mazauninsa, har a kai inda ƙarfin iskar ya yi daidai da na sifirin. A nan bawul zai rufe.

Da an buɗe bindigar feshi ko fistin na inji ya ja iska, matsin fita zai ɗan ragu. Sifirin ya rinjaya, bawul ya buɗe, iska ta shigo ta cike gurbi, faifai ya sake ɗagawa. Wannan kai-komo yana faruwa cikin ƙiftawar ido, kuma in ana jan iska ba tsayawa, bawul ɗin ba buɗewa da rufewa yake ta yi ba, tsayawa yake a tsakiya, ya bar kafa daidai da yawan iskar da ake ja.

Lissafin ma ba wuya. A ɗauka faɗin faifan santimita murabba'i 10 ne. In ana son bar 6 a waje, iskar za ta tura faifan da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 60, don haka sai an danne sifirin har ya kai ƙarfin kilo 60. Ke nan mai murɗa murfin regileta ba famfo yake buɗewa ba, ƙarfin sifirin yake zaɓa. Wannan ne ya bambanta ta da bawul na famfo. In aka rage buɗin famfo, an rage yawan iskar da ke wucewa, amma da zarar an daina ja, matsin zai taru a gaba har ya yi daidai da na tanki. Regileta kuwa matsin fita take ji a jikinta, shi take bi.

Babu wuta, babu batir, babu kwamfuta. Akwai regileta na zamani da ake sarrafawa da lantarki, ana samunsu a sababbin injinan hura gora, amma su ma zuciyarsu wannan ce, sai dai iska ko maganaɗisu ke yin aikin sifirin.

Abu ɗaya da ba ta iya yi, kuma ma'aikata da yawa ba su yarda ba sai sun gwada: ba ta ƙara matsi. In tanki yana bar 5, ko an murɗa murfin har ya ƙure ba za a samu 6 ba. Abin da za a samu shi ne bawul a buɗe gaba ɗaya, regileta ta zama bututu kawai. Ranar da kwamfireso ya dawo da ƙarfinsa, duk matsin tankin zai faɗa kan injin. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, kuma yawancin regiletocin da aka tarar an ɗaure su tamau, asalin matsalar tana can wani wuri, ko matata ta toshe ko tiyo ya yi ƙanƙanta.

Halayenta uku da kan rikita masu gyara

Na farko, geji ya nuna bar 6 lokacin da ba a aiki, ana fara aiki ya faɗo 5. Wannan ba lalacewa ba ce, ɗabi'ar sifirin ce. Domin bawul ya buɗe sosai sai faifan ya sauka, in ya sauka sifirin ya ɗan miƙe, in ya miƙe ƙarfinsa ya ragu. Iya yawan iskar da ake ja, iya faɗuwar. Shi ya sa ake saita regileta lokacin da iska ke gudu, ba lokacin da take tsaye ba. Mai fenti ya danna kunamar bindigarsa tukuna, sannan ya duba geji. In faɗuwar ta yi yawa, regiletar ta yi wa aikin kaɗan, sai a nemi mai babbar kafa.

Na biyu shi ne mai haɗari. An rufe komai, ba a jan iska, amma allurar geji tana rarrafe sama a hankali. Ma'anarsa bawul bai zauna daidai ba. Ko ƙwayar yashi ta maƙale a mazauni, ko robar ta tsage, iska tana satar hanya. A kan bututun bar 7 abin da sauƙi, domin yawancin regiletocin masana'anta suna da wata kafa a tsakiyar faifan da ke fitar da rarar iska, shi ne ake jin suna huci ta murfi. A kan tukunya mai bar 200 kuwa, wannan rarrafen zai iya ci gaba har tiyo ya fashe.

Na uku ya saɓa wa hankali: tukunya tana ƙarewa, matsin fita yana ƙaruwa. Masu walda sun san shi, harshen wutar kan canza in oksijin ya kusa ƙarewa. Dalili shi ne a yawancin regileta bawul ɗin yana ɓangaren shiga ne, matsin tukunyar yana taya shi rufewa. In tukunya ta yi ƙasa, wannan taimakon ya ragu, sifirin ya samu galaba, sai matsin fita ya ɗan hau kafin a daidaita. Maganinsa regileta mai hawa biyu: ta farko ta sauko da bar 200 zuwa wani matsakaicin matsi, ta biyu ta karɓa daga nan. Tunda abin da ke shiga ta biyun kusan ba ya canzawa, abin da ke fita ma ba ya canzawa.

Bindigar fenti

Wannan bindiga ba don wasa aka fara ƙera ta ba. Kamfanin fenti na Nelson a Amurka ne ya sa aka yi ta domin ma'aikatan gandun daji su riƙa sa wa bishiyoyi alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu. A watan Yunin 1981 wasu mutum 12 suka shiga daji a jihar New Hampshire da irin waɗannan bindigogi suka harbi juna da su, daga nan wasan ya samo asali. Harsashinta ƙwallo ne na fenti mai ɓawo kamar na kafso, faɗinsa inci 0.68, nauyinsa kusan giram 3.

Dokar wasan ita ta sa regileta ta zama ran bindigar. Ba a yarda ƙwallo ya wuce gudun ƙafa 300 a sakan ba, kimanin mita 90, domin a kan wannan gudun aka tsara kariyar fuska da 'yan wasa ke sawa. Filaye da yawa ma ƙasa da haka suke sawa, kuma suna auna kowace bindiga da na'urar auna gudu kafin a shiga. In gudun ya wuce, akwai rauni, ko ƙwallon ya fashe tun a cikin bututu. In ya gaza, ya faɗi ƙasa kafin ya kai, ko ya bugi mutum bai fashe ba. Gudun kuwa ya dogara ne kan matsin iskar da ta bugi ƙwallon da tsawon lokacin da bawul ya yi a buɗe. Ke nan ana son ƙwallo na farko da na ɗari biyar su samu turi iri ɗaya, alhali tankin yana ta raguwa da kowane harbi.

Tankin da 'yan wasa suka fi riƙewa bai fi lita ɗaya da kaɗan ba, amma ana ɗura masa iska har psi 4,500, wato kusan bar 310, fiye da tukunyar oksijin ta mai walda. Na alminiyam masu araha suna tsayawa a psi 3,000. A wuyan tankin akwai regileta ta farko, irin mai fistin, wadda ke sauko da matsin zuwa kusan psi 800. Ba ta da murfin murɗawa, a ciki ake saita ta. A jikin bindigar, yawanci a mariƙin gaba, akwai ta biyu wadda a bindigogin zamani ke saukowa da shi zuwa wajen psi 200 ko ƙasa da haka, kuma ita ɗan wasa ke murɗawa da ɗan makulli in zai daidaita gudu. Wasu ma suna da ta uku mai ƙaramin matsi, aikinta kawai tura sandar da ke shigar da ƙwallo cikin bututu a hankali don kada ta fasa shi.

Tsarin hawa biyun da aka ambata ke nan, a cikin abin da ake riƙewa da hannu ɗaya. Kuma duk halayen nan uku suna bayyana a nan, sai dai da ido ake ganinsu ba a geji ba. In regileta ba ta da saurin cike gurbi, ɗan wasa ya saki ƙwallo goma a sakan ɗaya, za a ga na farko ya tafi nesa, na bayansa suna faɗuwa kusa-kusa. In mazauninta na satar iska, bindigar da aka ajiye minti biyu harbinta na farko zai fita da zafi fiye da ƙa'ida. Wanda ke hura jarka a Sharada zai gane wannan nan take, don shi ma yakan ga kayan farko bayan hutun rana sun bambanta da na tsakiyar aiki.

Regiletar tankin tana da wasu 'yan faya-fayan ƙarfe biyu da aka yi su domin su fashe. Ɗaya yana gadin tankin, ɗayan yana gadin ɓangaren fita, kuma shi yakan fashe a psi 1,800. In bawul ya ƙi rufewa, gara faifan ya fashe iska ta fice da ƙara, da a ce psi 4,500 ya shiga cikin bindigar da ke jikin fuskar mutum. Tankunan kansu ana gwada su da matsin ruwa, yawancinsu duk shekara biyar. Da ruwa ake gwajin domin ruwa ba ya matsuwa, in tanki ya tsage ba ya tarwatsewa.

Kafin iskar da aka matse ta yaɗu a wasan, da gas ɗin kabon dayoksaid ake harbi, wanda ake sawa a lemon kwalba da tukunyar kashe gobara. Shi a cikin tukunya ruwa yake zama, kuma matsinsa ba ya bin yawansa, zafi yake bi. A ma'aunin zafi 0 yana wajen bar 35, a 21 yana kusan bar 59, a 31 ya kai 74. Daga digiri 31 zuwa sama ba ya iya zama ruwa ko kaɗan, kuma a cikakkiyar tukunya matsin hawa yake yi da sauri har ya haura bar 100. A Kano, inda zafin watan Afrilu kan wuce digiri 38 a inuwa, wannan ba labarin ƙasar waje ba ne. Duk mai ajiye tukunyar wannan gas, ko ta walda ce ko ta kashe wuta, ya nema mata inuwa. Sannan in aka ja shi da sauri yana sanyaya sosai, har ƙanƙara ta kama regileta, shi ya sa wasu regiletocin walda ke zuwa da hita a jikinsu. Wannan hawa da sauka shi ya sa 'yan wasa suka koma iska.

Ruwa da ƙura

Abokan gāban regileta a Kano biyu ne, kowanne da lokacinsa.

Da damina ruwa ne. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kimanin giram 30 na ruwa a kowace mita kubik. A ɗauka a watan Agusta tana ɗauke da kashi 80 cikin 100 na wannan, wato giram 24. Kafin kwamfireso ya kai bar 7 sai ya matse mita kubik 8 ta koma 1. Ruwan da ya shigo giram 192 ke nan, amma in iskar ta huce a tanki giram 30 kawai za ta iya riƙewa, saura ya zube. Ƙaramin kwamfireso mai zuƙar mita kubik ɗaya a minti, in ya yi awa 10 yana aiki, zai tara wajen lita 12 na ruwa. In ba a buɗe famfon gindin tanki an zubar ba, ruwan yana cin tankin da tsatsa daga ciki, saura kuma ya bi bututu ya tafi da tsatsar cikin regileta. Mai fesa wa fata launi a Challawa ko mai fentin mota shi ke ganin sakamakon, ɗigo-ɗigo a jikin aikin da ya gama.

Da hunturu kuma ƙura ce. Ƙurar buji tana da laushi ƙwarai, tana toshe matatar kwamfireso cikin kwanaki. Abin takaici, maganin da wasu ke yi shi ne cire matatar gaba ɗaya don inji ya samu numfashi. Ƙurar sai ta haɗu da man kwamfireso ta zama kamar kunu, ta je ta zauna a mazaunin bawul. Saboda haka ne ake sa matata mai kofi kafin regileta, ba bayanta ba, kuma akwai kibiya a jikin kowacce da ke nuna inda iska za ta bi. Ana samun waɗanda aka ɗaura a juye, suna ta huci ana cewa jabu ne.

Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta yi magana a kan tankin iska: a rubuta iyakar matsin da zai iya ɗauka a jikinsa, a sa masa bawul na tsaro da geji da wurin zubar da ruwa, a kuma riƙa duba shi lokaci-lokaci. Manyan kamfanoni suna da masu kula da wannan. Inda abin ya fi ban tsoro shi ne bakin titi, wurin mai faci da tankin da aka yi wa walda a gida, babu bawul na tsaro, gejin ma ya daɗe da mutuwa.

Kuɗin da ke fita da huci

Iska kyauta ce, matsa ta ne ke da tsada. Daga cikin wutar da kwamfireso ke ci, abin da ke isa ga aiki bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, saura zafi yake zama. Injiniyoyi suna da ƙiyasin da suke aiki da shi: duk bar 1 da aka ƙara a kan kwamfireso yana ƙara kusan kashi 7 cikin 100 na wuta.

A watan Afrilun 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin Band A zuwa naira 225 a kan kowane yunit. A lissafa da wannan farashin: kwamfireso mai kilowat 37 da ke aiki awa 10 zai ci yunit 370, wato naira 83,250 a rana. Kashi 7 na wannan ya kusa naira 5,800, a kwana 26 na aiki ya haura naira 150,000. Wannan kuɗin bar ɗaya ne tak, kuma a kan wutar KEDCO. In da dizal ake aiki, lissafin ya fi haka ciwo.

Yadda ake faɗawa wannan asarar kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Inji ɗaya a ƙarshen layi ya yi ƙorafin iska ba ta isa, sai a je a ɗaga kwamfireso ga masana'anta gaba ɗaya. Injin ya samu, amma duk wata kafa mai yoyo ita ma ta samu ƙari, duk fistin da bar 5 ya ishe shi yanzu yana shan 8. A masana'antar da ba a kula da ita, yoyo kaɗai kan cinye kashi 20 zuwa 30 na iskar da aka matsa. Regileta a gindin kowane inji, an saita ta a kan mafi ƙarancin matsin da zai yi aikin, tana hana injin shan abin da bai buƙata. Amma ita kaɗai ba ta rage matsin da kwamfireso ke yi. Babbar riba tana zuwa ne in an toshe yoyo, an faɗaɗa bututun da ya yi ƙanƙanta, sannan aka sauke saitin kwamfireson da kansa.

Ba a musanya su

Tunda cikinsu iri ɗaya ne, sai wasu su ɗauka kowacce za ta yi aikin 'yar'uwarta. Ba haka ba ne. Regiletar masana'anta mai fitar da rarar iska ta murfi, in aka ɗaura ta a kan gas mai kama wuta, gas ɗin za ta riƙa saki cikin ɗaki. Regiletar gas mai murɗawa da masu suya da gidajen abinci ke sa wa manyan murhu tana ba da matsin da ya ninka miliba 30 sau da yawa, in aka haɗa ta da murhun gida harshen wuta zai tashi daga kan murhun, tiyo kuma yana iya suɓucewa. An yi wa tukwane baki da zare daban-daban da gangan, har na gas masu kama wuta da yawa hagu ake murɗa su. Duk wanda ya kai wa mai lasin ya yanka masa mahaɗin da zai haɗa waɗanda ba su dace ba, ya cire kariyar da hannunsa.

Oksijin ya fi kowanne tsanani. Mai ko giris ba sa kusantar regiletarsa, ko da na hannun bakanike ne. In aka buɗe tukunya da ƙarfi, gas ɗin da ya faɗa cikin regileta yana matsuwa nan take ya yi zafi ƙwarai, kuma a cikin tsantsar oksijin ɗigon mai ya isa ya kunna wutar da za ta ci har ƙarfen. Masu bindigar fenti ma an hana su ɗiga mai a bakin ɗura tanki saboda wannan dalilin, duk da cewa tasu iska ce kawai. Ka'idar buɗewa ita ce a fara sassauta murfin regileta har sifirin ya saki, mutum ya tsaya a gefe ba gaban geji ba, sannan ya buɗe tukunyar a hankali.

Haka nan al'adar kakkaɓe ƙurar jiki da tiyon iska bayan an tashi aiki. A Amurka doka ta hana shara da iskar da ta kai psi 30, kuma ko wannan ba a jikin mutum ba. Bar 7 ya fi ninki uku na haka, yana iya tura tsakuwa cikin ido ko ya shigar da iska ta wani ɗan rauni a fata.

Gwada lafiyar regileta ba ya buƙatar kayan aiki. A saita ta, a rufe hanyar fita, a sa wa allurar geji alama da biro, a dawo bayan minti goma. In allurar ta hau, mazaunin bawul ne ke satar iska. In ta tsaya, sai a rufe iskar da ke shigowa a ƙara minti goma. In ta sauka, akwai yoyo, ruwan sabulu a kan mahaɗai zai nuna wurin da kumfa. In kumfar ta murfi take fitowa ba tsayawa, faifan roba ne ya tsage, kuma a regiletoci masu kyau ana sayar da faifan da bawul ɗin daban, ba sai an sayi sabuwa ba.